Masu Taka Garwashi: Rabon Imani da Rabon Ilmi

A arewacin ƙasar Sifen, cikin lardin Soriya, akwai wani ƙauye da ake kira San Pedro Manrique, wanda mazaunansa kimanin ɗari shida ne, amma a daren 23 ga watan Yuni na kowace shekara sai ka iske dubban baƙi sun cika shi maƙil, sun hau dakalan dutse da aka gina a gefen wata tsohuwar majami'a, kowa ya zuba wa fili guda ido. Tun da maraice ake tara itace mai nauyi a cinna masa wuta, a bar shi ya ci har harshen ya mutu, sa'an nan waɗansu masu dogayen sanduna su baje garwashin, su daddale shi ya zama shimfiɗa ja wur. Idan dare ya raba sai a busa ƙaho, mutum ya fito ba takalmi, ya naɗe ƙafar wando, sau da yawa yana goye da matarsa ko 'yarsa ko wani masoyinsa, ya tsaya ya dubi wutar, ya ja numfashi, kana ya taka ta da ƙarfi, taku bayan taku, har ya ɓulla ɗaya gefen inda dangi ke jira su rungume shi. Masu binciken da suka auna wannan shimfiɗa sun sami zafinta ya kai digiri 677 a ma'aunin Salshiyas, watau ya zarce inda alminiyam ke narkewa. Mutanen ƙauyen kuwa cewa suke yi ɗan garin ne kaɗai yake ƙetare ta lafiya.

Al'amarin bai tsaya ga Sifen ba, kuma ba jiya aka fara shi ba. Pliny, masanin Rumawa da ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin waɗansu gidaje a kusa da birnin Rum waɗanda suke taka garwashi kowace shekara a kan dutsen Sorakte, har hukuma ta ɗauke musu aikin soja saboda haka. A arewacin Girka, ranar 21 ga Mayu, akwai Kiristocin da suke rawa a kan rushi suna rungume da hotunan waliyyansu, Kustantin da Helena, ko da yake shugabannin cocinsu sun daɗe suna ƙyamar abin. Tamilawan Indiya da Siri Lanka da Singafo suna yi don cika alwashin da suka ɗauka wa abar bautarsu, mutanen tsibirin Beka na ƙasar Fiji kuwa kan duwatsun da aka gasa suke bi. Kada kuma mai karatu ya zaci abin na waɗansu addinai ne kawai, domin Ibnu Baɗɗuɗa ya faɗa cikin littafin tafiye-tafiyensa cewa a shekarar 1327, da ya ziyarci kabarin Shaihu Ahmadur Rifa'i kusa da Wasiɗ a Iraƙi, ya ga almajiran zawiyar sun hura wuta da kaya-kayan itace, suka shiga tsakiyarta suna rausaya, waɗansu suna birgima, har ta mutu. Mu ma a nan ƙasar Hausa mun san wasan wuta na maƙera a ranakun naɗin sarauta da bukukuwa.

Abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi tun farko shi ne, waɗannan jama'u ba su haɗu a kan abin bauta guda ba, kowace tana jingina tsirarta ga abin da sauran suke ƙaryatawa, amma duk da haka wutar tana yi musu hukunci iri ɗaya. A ganina, ruɗanin da ya daɗe cikin wannan mas'ala ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi biyu da ya wajaba a raba su: ta farko, me ya hana fatar ƙafa ƙonewa, ta biyu, me ya hana mutum jin raɗaɗi, ko ya rage masa shi. Wanda ya amsa su da amsa guda, ko dai ya ba imani abin da ba nasa ba, ko kuwa ya ƙwace masa abin da yake haƙƙinsa.

An yi wata jarrabawa da ma'auni a hannu a Ingila, a garin Carshalton kusa da Landan, cikin watan Satumba na 1935, ƙarƙashin wata majalisar bincike da Harry Price yake jagoranta. Wanda aka gayyato wani Bakashmire ne mai suna Kuda Bux. Aka haƙa rami mai tsawon kimanin mita uku da rabi, aka cika shi da itace da gawayi, aka auna saman garwashin aka sami digiri 430. Likita ya duba ƙafafunsa, aka wanke su aka busar, don a kawar da shubuhar cewa ya shafa wani magani. Nan ma ba sabon tunani ba ne, gama a shekara ta 705 bayan Hijira, sa'ad da Ibnu Taimiyya ya yi muƙabala da waɗansu masu shiga wuta a gaban gwamnan Dimashƙa, sharaɗin da ya gindaya shi ne kowa ya fara wanke jikinsa da khalli da ruwan zafi. Kuda Bux ya ƙetare ramin da taku huɗu cikin 'yan sakanni, ya sake ƙetarewa, ba a ga ko bororo guda ba, zafin tafin ƙafarsa ma da aka auna bai ƙaru ba. Da aka nemi ya yi na uku sai ya ƙi, ya ce imaninsa ya raunana. Wani Bature da ya gwada bayansa kuwa ya fito da ƙuna. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare, imani ya yi nasara.

Sai dai ba a tsaya nan ba. A watan Afrilu na 1937 aka maimaita jarrabawar da wani Ba'indiye daga Kanfur mai suna Ahmed Hussain, wanda ya yi da'awar cewa yana iya ba waɗansu kariyarsa idan suka riƙe shi. Waɗanda suka bi shi a jere, da yake sun ɗan jinkirta, sun sami 'yar ƙuna; wani Ba'ingile kuma mai suna Reginald Adcock, wanda ba ya da'awar kome, ya ratsa wutar shi kaɗai ya fita lafiya. Da aka ƙara tsawon ramin ya kai ƙafa 20, sai Hussain kansa ya ƙone, alhali imaninsa na ranar nan bai bambanta da na shekaranjiya ba. Abin da ya sauya shi ne yawan takun da kowace ƙafa ta yi. Hukuncin da masu binciken suka yanke a rahotonsu shi ne cewa sirrin duka yana cikin 'yan taku kaɗan masu sauri, daidai wa daida, a bisa abin da ba ya miƙa zafi da hanzari.

Wannan magana ta ƙarshe tana bukatar sharhi, domin a nan ne hikimar take. Yawan zafin da ma'auni ya nuna a jikin abu daban, yawan zafin da abin yake iya zuba wa fata cikin ƙiftawar ido kuma daban. Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya taɓa ganin tsohuwa ta sa yatsu cikin murhu ta tsamo garwashi, ta ɗan jujjuya shi a tafin hannu, ta jefa a kaskon turare ko a hannu ta kai wa maƙwabciya mai neman wuta, ba tare da ta yi ko tsaki ba. Amma ita wannan tsohuwa ba za ta kuskura ta sauke tukunyar ƙarfe daga kan murhun nan ba sai da tsumma, ko da yake garwashin ya fi tukunyar zafi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne gawayi abu ne maras nauyi, duk ƙofofi ne da iska a cikinsa, zafin da ya tara kaɗan ne, kuma yana sakinsa a hankali, tokar da ta lulluɓe shi ma wani shamaki ce. Ƙarfe kuwa ya fi shi saurin miƙa zafi sau ɗaruruwa. Ita kuma ƙafa galibinta ruwa ce, ruwa kuwa ba ya ɗumama da wuri, ga jini yana kewayawa yana kwashe abin da ya shigo. Saboda haka idan tafin ƙafa ya sauka a kan rushi, saman garwashin ne yake hucewa kafin fatar ta ɗau zafi, shi ya sa ake ganin sawun mai tafiya baƙi-baƙi a bayansa.

Amma fa wannan rangwame yana da iyaka, iyakar kuwa ƙanƙanuwa ce. Tun 1947 masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka nuna cewa fatar da ta kai digiri 44 sai ta yi sa'o'i kafin ta lalace, amma wadda ta kai digiri 70 ba ta cika sakan guda. Wanda ya yi gudu, ƙafarsa tana nutsewa cikin rushin. Wanda ya tsaya, ya ba zafin lokaci. Wanda garwashi ya maƙale masa tsakanin yatsu, ko aka bar ƙusa cikin itacen, ko aka baje wutar tun ba ta gama cin itacen ba, duk ya shiga uku. A watan Yuni na 2022, a gefen tafkin Zurik na ƙasar Suwizalan, mutum 25 suka ƙone a wani taron ma'aikata da aka shirya don ƙarfafa zuciya, aka kwashi 13 zuwa asibiti. Ina ganin babban zalunci ne a ce wa irin waɗannan bayin Allah wai raunin niyyarsu ne ya ƙone su, kamar yadda masu sayar da wannan wasa a ƙasashen Turai da Amurka sukan faɗa. Mutum ya biya kuɗinsa, ya ƙone, sa'an nan a ɗora masa laifin.

La'alla wani almajiri ya ce, to, ina aka bar ƙudurar Ubangiji? Amsar tana cikin karatun tauhidin da ake yi a zaurukanmu. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya buga misali da wuta da auduga cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, ya tabbatar cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, Allah ne yake halittar ƙuna a yayin haɗuwarsu, bisa wata al'ada da Ya gudanar cikin halittarsa, kuma Yana da ikon keta ta idan Ya so. Keta al'adar nan shi ne mu'ujiza ga annabawa da karama ga waliyyai, kamar yadda ya auku ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka jefa tsakiyar wuta mai ruruwa ta zame masa sanyi da aminci, ba a ƙidaya masa taku ba, ba a jira harshen ya mutu ba. Taka garwashi kuwa yana cikin al'adar ne tsundum, yana da sharuɗɗa, wanda ya cika su ya tsira ko wane ne shi, wanda ya saɓa musu ya ƙone ko wane ne shi. Don haka mai bayyana sababin abin bai taɓa ƙudura ba, ya dai karanta wani shafi ne na tsarin da aka shimfiɗa. Mai kiran abin karama ne yake rage wa karama daraja.

Mu koma ga tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi, kuma a cikinta ne masu raina imani suke yin nasu tuntuɓen.

A littafin Descartes, masanin falsafar Faransa, wanda aka buga a 1664, akwai zanen wani yaro da ƙafarsa ta kusanci wuta, an ja wani zare daga yatsan ƙafar har zuwa ƙwaƙwalwa, manufar ita ce raɗaɗi saƙo ne da yake tafiya kai tsaye, gwargwadon rauni gwargwadon ciwo. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne: akwai jijiyoyi a fata masu farkawa idan zafi ya haura kimanin digiri 43, David Julius ya gano makullinsu a 1997, aka ba shi kyautar Nobel a 2021, akwai masu kai saƙon da gaggawa, su ne masu sa ka fizge hannu, akwai kuma masu tafiyar hawainiya, su ne masu kawo zogin da yake biyo baya. Sai dai likitocin fagen fama sun daɗe da ganin abin da zanen nan bai iya bayyanawa ba. Henry Beecher, likitan sojan Amurka da ya yi aiki a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tambayi sojoji 215 masu munanan raunuka, ya ruwaito a 1946 cewa wajen kashi uku cikin huɗu ba su ji ciwon da zai sa su nemi allurar kashe zafi ba. Fassarar da ya yi wa abin ita ce, ga sojan nan raunin yana nufin ya kuɓuta daga bakin daga da ransa, alhali farar hula da aka yi wa tiyata yana ganin nasa raunin masifa ce tsagwaronta. Akwai kuma akasin haka: a 1995 mujallar likitocin Biritaniya ta ba da labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya dira kan doguwar ƙusa ta huda takalminsa ta ɓullo sama, yana ta kururuwa har sai da aka yi masa allura mai ƙarfi, da aka cire takalmin sai aka ga ashe ƙusar tsakanin yatsunsa ta bi, ko ƙwarzane babu. Ba ƙarya yake yi ba, ciwon ya ji shi haƙiƙatan.

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya sauya fannin, cewa a cikin laka akwai wata mashiga da saƙon ciwo yake ratsawa, wadda take buɗewa ko ta tsuke bisa ga sauran saƙonnin da suke zuwa daga fata, da kuma umarnin da yake saukowa daga ƙwaƙwalwa. Bayan shekara goma, a Abadin ta ƙasar Sikotilan, Hughes da Kosterlitz suka gano cewa jiki da kansa yana haɗa sinadarai masu aiki irin na mofin, maganin kashe zafi. A 1978 kuma, a San Faransisko, aka ba waɗanda aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, waɗansu suka sami sauƙi don sun sakankance magani ne. Da aka ba su wani sinadari mai toshe aikin mofin, sai sauƙin ya gushe. Ashe yaƙinin zuciya yana da hanyar da yake bi cikin tsoka da jini, har ana iya tare ta. An ma gwada addini kai tsaye a Oksfod a 2008: aka ɗauki mabiya ɗariƙar Katolika 12 da marasa addini 12, ana ɗana musu lantarki suna duban hoto, sai masu addinin suka ce ciwon ya ragu da kimanin kashi 12 cikin ɗari sa'ad da suke duban hoton Nana Maryamu, na'ura kuma ta nuna wani sashe na goshin ƙwaƙwalwarsu ya motsa, abin da ba a gani ga sauran ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin sharo ba ya bukatar na'ura kafin ya gaskata wannan. Saurayin Bafillace yana tsaye ƙirji a buɗe, ya ɗaga hannu ko ya riƙe madubi yana duban fuskarsa, makaɗa suna zuga shi, 'yan mata da dangi sun kewaye shi, abokin karawarsa ya zabga masa tsumagiya har fata ta tsage, shi kuwa ko gezau. Tabon yana nan har tsufa, domin jarumtaka ba ta hana fata tsagewa. Abin da ta taɓa shi ne yadda bugun ya isa ga mai shi, da ma'anar da ya ba shi. Haka aka gani a ƙauyen nan na Sifen, inda Dimitris Xygalatas da Ivana Konvalinka da abokan aikinsu suka ɗaura wa mutum 38 ma'aunin bugun zuciya, suka buga sakamakon a 2011: zuciyar mai taka wutar da ta danginsa da suke kallo suna hawa da sauka tare, ta baƙon da bai san kowa ba kuwa tana bin nata lissafin. Masu tafiyar suna cewa hankalinsu a kwance yake, alhali bugun zuciyar waɗansunsu ya kusa 200 a minti. To, nan ne aikin imani da jama'a yake a fili: su ne suke sa mutum ya iya ɗaga ƙafa ya taka abin da dukan ɗabi'arsa take gudu, su ne suke ba shi natsuwar da zai yi tafiya daidai ba gudu ba tsayawa, su ne kuma suke rage masa zogin 'yar ƙunar da ya samu. Wannan ba ƙaramin rabo ba ne.

Kada dai a ɗauka rashin jin ciwo alheri ne a ko'ina. A 2006 masu bincike na Kambirij suka ba da labarin wani yaro a arewacin Pakistan da yake wasan titi, yana soka wuƙa a dantsensa yana taka garwashi, saboda an haife shi da wata naƙasar gado wadda ta hana jijiyoyinsa kai saƙon ciwo. Yana jin rauni kamar kowa, ba ya dai sanin ya ji, kuma ya rasu yana ɗan shekara 14 bayan ya diro daga kan soro. Rashin jin ciwon nan ne yake cinye yatsun kutare, shi ne kuma yake sa a yanke ƙafar mai ciwon suga wanda ya taka ƙaya ko rushi bai sani ba. Ciwo ni'ima ce mai ɗaci, mai gargaɗi ne da aka ajiye mana.

Inda wannan ilmi ya fi shafarmu kuwa shi ne gefen gadon majinyaci. A 2011, a Oksfod, Ulrike Bingel da Irene Tracey suka ɗora wa mutum 22 zafi a ƙafa, wanda suka kimanta ciwonsa da 66 cikin 100. Aka fara ɗura musu magani mai ƙarfi a ɓoye, ciwon ya sauko 55. Aka gaya musu an fara ba su magani, ya sauko 39. Aka ce musu an tsayar da shi, alhali yana nan yana shiga jininsu ba a rage ko ɗigo ba, sai ciwon ya koma 64. Kalma guda ta ninka amfanin maganin, kalma guda ta kusa shafe shi.

Saboda haka ina kira ga likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomominmu, su sani cewa tsawar da ake daka wa mai naƙuda tana ƙara mata azaba a zahiri, bayani mai daɗi kafin allura kuma yana cikin maganin. Mu kuma masu zuwa dubiya, mu bar al'adar nan ta zama a gaban mara lafiya ana ba da labarin wane da irin ciwon nan ya kashe bara. Mu yi masa sannu, mu yi masa addu'a ya ji da kunnensa, mu ƙarfafa masa zuciya, sa'an nan mu tabbata ya sha maganin da likita ya rubuta masa a kan lokaci.